Nazarin Tarihin Adar

Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka a jihar Tawa ta Nijar, wadda ta haɗa da Keita da Buza, ta gangara ta fadamar Majiya har kusa da Madawa. Kafin a fara rubuta tarihinta a littafi, yana bakin dattawa da maroƙa da malaman zaure, kowane gida da nasa labarin zuwa.

Shekarar 1975 ce mafari na sosai. A cikinta cibiyar binciken IRSH ta Yamai ta buga littattafai biyu da Faransanci. Masanin tarihi Djibo Hamani ya bi sawun sarauta: yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674, da yadda zuriyarsa ta zama gidan Sarkin Adar na Illela, da tashin hankulan ƙarni na 19 lokacin da Buzaye suka yi ƙarfi. Ita kuwa Nicole Echard ƙauye ta shiga. Ta saurari manoma da Azna masu tsafin ƙasa, ta rubuta yadda talaka ke riƙe da labarin kakanninsa. Ta ɗauki fim a kan maƙeran da ke narka tama, daga baya ta wallafa littafi a kan bori a 1989.

Akwai waɗanda aka daɗe ba a tambaya ba, wato bayi da jikokinsu. Bayan farin 1984, da aikin raya ƙasa na Keita ya kankama da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan shuka, ana biyansu da abinci, maza sun tafi ci-rani. Wannan aiki ne ya kai mai bincike Benedetta Rossi yankin, kuma littafinta na 2015, From Slavery to Aid, ya nuna yadda tsohuwar dangantakar ubangida da bawa ta shafi wanda ya iya tafiya neman kuɗi da wanda ya zauna. Magana ce mai nauyi a Adar har gobe, shi ya sa rubuta ta ya zama wajibi.

Babban giɓin da ya rage shi ne harshe. Waɗannan littattafai da Faransanci da Ingilishi suke, alhali da Hausa da Tamashek aka ba da labaran, don haka jikokin masu labarin da yawa ba su iya karanta abin da kakanninsu suka faɗa.