Sawun Direba a Hannun Kamfani: Nazarin Bibiyar Matuƙa ta Wayar Salula, Misali daga Ƙofar Ran, Bauchi

Tsakure

Maƙalar ta dubi bayanan wuri da kamfanonin sufuri na manhaja suke tattarawa daga wayoyin direbobinsu. Matsayinta shi ne, a gari irin Bauchi waɗannan bayanai suna tona addinin direba da lafiyarsa da sirrin gidansa, saboda haka sun cancanci kariya ta musamman a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023.

Gabatarwa

Kamfanin Uber ya fara aiki a Legas a 2014. Taxify, wanda ya koma Bolt a 2019, ya biyo baya a 2016. Sannu a hankali sana'ar ta iso biranen Arewa, duk da cewa har yau keke da acaɓa ne suke ɗaukar yawancin mutanen Bauchi. Tsarin aikin ɗaya ne ko'ina: muddin manhajar direba tana buɗe, wayarsa tana aika wa kamfani inda yake, da gudun da yake yi, da tsawon tsayuwarsa, ko da fasinja ko babu.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Rosenblat da Stark (2016) sun nuna cewa kamfani yana sarrafa direba ne ta hanyar sanin abin da direban bai sani ba. Kotun Ƙolin Birtaniya ta kama wannan hanya a 2021, inda ta ce direbobin Uber ma'aikata ne. Ba mu da ja a nan.

Jayayyarmu tana tare da masu cewa tsaro ne kaɗai dalilin bibiyar. Gaskiya ne an kashe direbobi a Nijeriya an gudu da motocinsu, kuma sanin wurin da mota take yana ceton rai. Amma tarihin sana'ar bai goyi bayan masu wannan ra'ayi ba. A 2014 aka bankaɗo cewa ma'aikatan Uber suna da hanyar kallon zirga-zirgar mutane kai tsaye, har aka yi amfani da ita a kan wata 'yar jarida. A 2017 rahotanni suka bayyana wani shirin kamfanin na bin sawun direbobin abokin gasarsa, Lyft. A watan Agustan 2024 hukumar kare bayanai ta Holan ta ci Uber tarar Yuro miliyan 290 saboda kwashe bayanan direbobin Turai, har da na wuri, zuwa Amurka ba tare da isasshiyar kariya ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka yi don kare ran direba.

Hanyar Bincike

An karanta ƙa'idojin sirri da kamfanonin suka wallafa, da hukunce-hukuncen da aka ambata, da dokar 2023, sannan aka auna su da yanayin zirga-zirga a Ƙofar Ran.

Sakamako

Ƙofar Ran tana cikin ƙofofin ganuwar garin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19. A tsohon gari da kwatance ake nemo gida, sai direba ya kira fasinja a ce masa ya wuce masallaci ya sha kwana. In an rufe titi don sallar Juma'a ko ɗaurin aure ko jana'iza, dole ya zagaya. Na'ura ba ta san dalili ba, abin da ta rubuta kawai shi ne direba ya kauce hanya.

Babban abin da muka gano ya fi wannan nauyi. A ɗauki sawun direba na wata guda a shimfiɗa bisa taswira. Tsayuwar mintuna kaɗan da azahar da la'asar da magariba ta faɗi addininsa. Masallacin da yake zuwa ranar Juma'a ya faɗi aƙidarsa, domin a Bauchi kowa ya san masallacin Izala da na ɗariƙa, kuma kowa ya san irin zafin da wannan bambanci yake iya ɗauka. Wanda yake tsayawa a coci ranar Lahadi shi ma an san shi. Yawan zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ba tare da fasinja ba alama ce ta jinya a gida. Inda yake kunna manhaja da safe ya nuna inda ya kwana, kuma ga mai mata biyu a gidaje biyu, rabon kwanan ma ya fito fili. Abin da Bahaushe yake kira rufin asiri ke nan, an miƙa shi da danna maɓalli guda. In direbobi suka taru wuri ɗaya don zancen ƙungiya, taswirar za ta nuna wanda ya je.

Dokar 2023 ta sanya addini da lafiya da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago cikin bayanai masu tsananin sirri. Ba ta ambaci wuri a jerin ba. Wannan giɓi ne babba, tunda daga wurin ake ciro sauran duka. Sashe na 34 ya ba mutum damar neman kwafin bayanansa, sashe na 37 kuma ya ba shi haƙƙin ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa. A watan Afrilun 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Amsterdam ta ba direbobi gaskiya a kan kamfanonin Uber da Ola bisa irin waɗannan haƙƙoƙi. Duk direban Ƙofar Ran da aka rufe wa asusu yana da irin wannan hujja.

Iyakokin Bincike

Kamfanonin ba su buɗe lissafinsu ga masu bincike, saboda haka mun nuna abin da bayanan suke iya tonawa ne. Direbobin manhaja a Bauchi kuma ba su kai na Legas yawa ba. Ko ɗaya bai rage ƙarfin hujjar ba.

Kammalawa

Muna kira ga Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya ta ayyana tarin bayanan wuri na direba a matsayin mai tsananin sirri, ta ƙayyade wa'adin ajiye shi, ta kuma tilasta wa kamfanoni fitar da ƙa'idojinsu da Hausa. Ƙungiyar AUATON ta masu sufurin manhaja ita ma ta koya wa mambobinta na Arewa yadda ake rubuta takardar neman bayanai a ƙarƙashin sashe na 34.