Dalilin da ya sa tsofaffin motoci ke haɗa batir saɓanin na zamani

Kusan kowace mota da ake ƙerawa a yau, kan batir mai alamar ɗebewa (-), wato nagatib, shi ake ɗaurewa a jikin ƙarfen motar. To amma shekaru saba'in da suka wuce, kamfanoni da dama a Amurka da Birtaniya suna yin akasin haka ne, inda suke ɗaure kan mai alamar tarawa (+), wato fozitib.

Aikin ƙarfen mota

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta fita daga batir, ta bi ta cikin fitila ko sitata, sannan ta koma inda ta fito. Domin rage yawan wayoyi, masu ƙera motoci sukan ja waya ɗaya zuwa kowace na'ura, su bar ƙarfen motar ya zama hanyar komawa.

Fitila da ham da sitata na tsohuwar mota ba su damu da ɓangaren da wutar ta biyo ba. Saboda haka bayan kamfanin Cadillac ya fito da sitata mai aiki da lantarki a shekarar 1912, kowane kamfani ya bi tsarin da injiniyoyinsa suka ga ya fi dacewa.

Matsalar cin ƙarfe

Babbar hujjar masu ɗaure fozitib a jikin mota ita ce kare wayoyi. A wancan zamani, da zaren auduga da danƙo ake lulluɓe waya, kuma idan suka tsufa ko suka sha laima, wuta kan riƙa yoyo kaɗan-kaɗan.

Duk inda wuta ke yoyo ta cikin danshi tsakanin ƙarfe biyu, wanda ke ɓangaren fozitib ne ke cinyewa. Idan wayoyin ne a wannan ɓangare, siririn jan ƙarfen da ke cikinsu da mahaɗansu su ne za su lalace. Idan kuwa jikin motar ne, ɓarnar za ta faɗa kan ƙarfe mai kauri wanda zai iya jurewa.

Kamfanonin tarho ma sun bi wannan dabara, kuma har yanzu yawancin na'urorinsu na aiki da bolt 48 tare da haɗa fozitib da ƙasa.

Batun fulogi

Hujja ta biyu ta shafi fulogi. Tsinken da ke tsakiyarsa ya fi zafi, kuma tartsatsi ya fi saurin tashi idan shi ne ke ɓangaren nagatib. Wasu injiniyoyi sun ɗauki wannan a matsayin ƙarin dalili, ko da yake ana iya samun haka a kowane tsari muddin an naɗa kwayil yadda ya kamata.

Su wa suka bi wannan tsari?

A Amurka, kamfanonin Ford da Chrysler da Packard sun shafe shekaru suna amfani da batir mai bolt 6 da fozitib a jikin mota, yayin da Chevrolet ya tsaya kan nagatib. Ford da Chrysler sun sauya a motocinsu na shekarar 1956, lokacin da suka koma batir mai bolt 12.

A Birtaniya, inda kamfanin Lucas ke samar da yawancin kayan wutar motoci, tsarin ya yaɗu tun shekarun 1930. Motocin Morris da Austin da Land Rover da aka riƙa shigowa da su Najeriya a ƙarshen mulkin mallaka suna cikin wannan rukuni. Land Rover da MGB sun koma nagatib a 1967, Mini kuma a 1969.

Me ya kawo ƙarshensa?

Da farko dai, an fara lulluɓe wayoyi da robar PVC wadda ba ta shan ruwa, don haka yoyon wuta ya ragu ƙwarai.

Sannan altaneto ta maye gurbin dinamo wajen cajin batir, bayan Chrysler ya fara sanya ta a motarsa ƙirar Valiant a 1960. Ita altaneto da rediyo mai taransista suna da sassan da wuta ke bi ta hanya ɗaya tak, saboda haka tilas masu ƙera kayayyaki su daidaita kan tsari guda. Da yake manyan kamfanonin Amurka sun riga sun zaɓi nagatib, sai sauran suka bi sahu. Kafin kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, an riga an rufe wannan babi.

Hattara ga makanikai

Duk wanda aka kawo wa tsohuwar mota, ya kamata ya duba kan batir ɗin da ke haɗe da ƙarfe kafin ya taɓa komai. Sanya rediyon zamani ko altaneto a motar da ke kan tsohon tsari na iya ƙona su nan take. Haka nan wajen jona batir daga wata mota: fozitib da fozitib, nagatib da nagatib, kuma kada jikin motocin biyu ya taɓa juna.