Rijiyoyin Salaga da Baƙin da Suka Komo

Wanda ya tashi daga Kpandai ya nufi yamma, ya ƙetare kogin Daka, zai iske kansa a Salaga. Garin ba wani babba ba ne a yau, amma a ƙarni na 19 babu falken Kano ko na Katsina da bai san sunansa ba, gama nan ne hanyar Gwanja ta ƙare. Ayari yakan yi watanni a tafe, madugu yana jagora, jakuna suna ɗauke da kanwa da fatu da tufafin rini, su komo da goron ƙasar Ashanti. Dalili ke nan da har yanzu ake ciniki da Hausa a zangon Salaga da na Yendi da kasuwar Bawku.

Amma ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba, an sayar da mutane. Tun ƙarni na 18 sarakunan Gwanja da na Dagomba suna biyan Ashanti gandu, a cikin gandun kuwa har da bayi. Akwai wurare biyu a Salaga waɗanda sunansu ya ishe mu shaida. Ɗaya shi ne Wankan Bayi, rijiyoyin da ake yi wa kamammu wanka kafin a kai su kasuwa. Ɗayan kuma Rafin Angulu, inda ake yar da gawar waɗanda suka mutu. Mai karatu zai lura dukansu biyu sunayen Hausa ne. Wato masu jin harshenmu suna cikin masu saye da sayarwa, suna kuma cikin waɗanda aka sayar, har aka sami Hausawa cikin bayin da suka yi tawaye a Bahiya ta ƙasar Birazil a 1835. A Yendi kuma akwai kabarin Babatu, Bazabarmen da ya yi ta kai hari ƙasar Gurunsi yana kamun bayi, ya mutu a can a 1907.

Ƙarfin Salaga ya soma raguwa a 1874, sa'ad da Ingilishi suka ci Kumasi, hanyar goro ta karkata. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da Yeji da Akara. A 1899 Turawa suka raba ƙasar, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi da Kpandai suka faɗa hannun Jamus.

Kasuwa ta watse, amma bukukuwa ba su watse ba. Damba, wanda Dagomba da Gwanjawa suke yi a watan haihuwar Annabin Musulunci, ya zama ranar sarauta da zumunci. Makaɗa suna jera sunayen sarakunan da suka shuɗe, maza suna taka rawa cikin batakari, a rana ta ƙarshe a fito da dawaki a zaga gari. Yaron da bai taɓa buɗe littafin tarihi ba yakan ji asalinsa a bakin kalangu. A Bawku, Kusasawa suna yin Samanpiid tun 1987 don godiya bayan girbi.

Kada dai mu ɗauka biki wasa ne kawai. Inda zukata suka rabu, ganga takan yi shiru ko ta jawo faɗa. A Yendi, gardama a kan bikin wuta na Bugum tana cikin abin da ya kai ga kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu a watan Maris 2002, gadon sarautar bai sami mai shi ba sai a Janairu 2019. Mutanen Kpandai ma sun ɗanɗana ɗacin faɗan ƙasa tsakanin Nawuri da Gwanjawa a 1991.

Ana cikin haka sai ga waɗansu baƙi. A 1992 Gana ta fara bikin PANAFEST domin haɗa 'yan Afirka na gida da na ƙetare. A 1998 ta fara tuna ranar 1 ga Agusta, ranar da dokar 'yanta bayi ta fara aiki a ƙasashen da Ingila take mulki a 1834. A shekarar nan ce aka komo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka, ɗaya daga Jamaika, aka binne su a Assin Manso. A 2019 aka yi Shekarar Komowa Gida. Da fari baƙin sukan tsaya a kurkukun bakin teku na Elmina da Cape Coast, daga baya waɗansu suka biyo sawun kakanninsu har arewa, suka tsaya a bakin rijiyoyin Salaga.

To, me za mu nuna musu? Kiɗa da rawa da dawaki suna da kyau, baƙo kuwa ya cancanci a tarye shi da su. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ƙetare teku yana neman inda aka sayar da kakansa, ba zai gamsu da batakari kaɗai ba, sai an faɗa masa gaskiyar wanda ya kama, da wanda ya sayar, da wanda ya saya. 'Ya'yanmu ma suna bukatar su ji ta daga bakinmu, domin jikokin masu sayarwa da na waɗanda aka sayar suna ɗibar ruwa a rijiya ɗaya a yau. In an faɗi wannan, sai a buga ganga, a yi rawa tare.