Dogon Zango da Gajeren Zango: Yadda Muryar Nesa Ta Iso Katsina

Ran 13 ga Maris, 1957, zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo, BBC ta fara magana da Hausa daga Landan. Wanda aka fara jin muryarsa kuwa mutumin Lardin Katsina ne, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. Masu nazarin harshe sun saba duban abin da aka faɗa a irin wannan shiri, amma ba safai sukan tambayi yadda aka yi murya ta ketare kimanin mil 2,700 ba. Alhali amsar wannan tambaya tana da nasaba da tarihin Hausa kanta.

Ran 12 ga Disamba, 1901, Marconi ya ba da labarin ya ji ɗigo uku na harafin S a Newfoundland, an bugo su daga Poldhu ta ƙasar Ingila. Daga nan masana suka ɗauka cewa dogon zango kaɗai ke iya cin nisa, gwamnatoci suka yi ta gina manyan tashoshi a kansa. Jamusawa sun gina irin wannan a Kamina ta ƙasar Togo, tana magana da Nauen kusa da Balin. Da yaƙi ya tashi a 1914, suka ga sojan Ingila da na Faransa sun matso, sai suka rushe ta da hannunsu cikin watan Agusta.

To, akwai wasu mutane masu sha'awar wayar iska, waɗanda ke harhaɗa na'ura a gidajensu, ba don kuɗi ba. A 1912 dokar Amurka ta kore su zuwa zangon mita 200 da abin da ya gaza haka, don ana zaton wurin ba shi da wani amfani. Ba su yi zuciya ba, suka shirya gwaji: wannan ya bugo alamarsa a lokacin da aka ajiye, wancan ya kasa kunne, ya rubuta abin da ya ji. Cikin Disamba, 1921, Paul Godley ya kafa tanti a Ardrossan ta ƙasar Sikotilan, ya ji tashoshin 'yan'uwansa na Amurka. Cikin Nuwamba, 1923, Léon Deloy na birnin Nis a Faransa ya yi magana da Fred Schnell na Amurka a kan zangon kimanin mita 110. Ashe wurin da aka raina shi ne hanyar.

Dalilin haka shi ne, can sama akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, wanda Appleton ya tabbatar a 1924. Gajeren zango yakan bugi rufin nan ya komo ƙasa da nisa, ko da ƙarfin tashar kaɗan ne. Dogon zango kuwa sai da doguwar eriya da wuta mai yawa. Ban da wannan, tartsatsin walƙiya ya fi damun dogon zango, ƙasashen zafi kuma su ne gidan tsawa. A Katsina, daga Yuni zuwa Satumba, ƙarar hadari takan rufe sigina mai rauni. Saboda haka rediyon ƙasar Hausa bai ginu kan dogon zango ba.

Kan gajeren zango BBC ta buɗe shirinta na ƙasashen mulkin Ingila ran 19 ga Disamba, 1932, daga Daventry. A Nijeriya akan kama shirin a tasha guda, a rarraba shi ta waya zuwa akwatunan gidaje da na dandali. Kano ta sami wannan a 1944. Bayan BBC, a 1962 aka buɗe Rediyon Kaduna, a 1963 kuma Jamus da Sin suka fara shirin Hausa.

A nan ne abin ya shafi mai nazarin harshe. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne bisa karin Kano, ta bazu ta hanyar littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Amma takarda sai mai karatun boko. Rediyo kuwa ta shiga zaure da kasuwa, har Bakatsinen da ke cewa "hwara" ya riƙa jin "fara" kullum daga bakin mai labarai. Wanda duk ke son sanin yaushe karin Katsina ya fara sassautowa, lalle ya san wace tasha ake kamawa a birnin, da wane lokaci, da kuma ko ana jinta sosai.

Dogon zango bai mutu ba. A 2007 taron rediyo na duniya a Janeba ya ba masu sha'awa wani ɗan yanki, daga kilohaz 135.7 zuwa 137.8, watau zangon kimanin mita 2,200, bisa sharaɗin kada ƙarfin da ke fita ya wuce wat 1. Sukan kafa tashar alama, wadda ba ta faɗin komai sai sunanta, tana bugawa sannu ƙwarai, ɗigo guda yakan kai minti ɗaya, kwamfuta ta zana shi a allo. Da dare aka fi ji, don da rana ƙasan rufin nan yakan shanye sigina. Tun a 2001 wani a Ingila da wani a Kanada suka gama magana ta wannan hanya, ta ɗauke su wajen mako biyu.

Tashar alama ba ta da amfani sai an sami wanda ya ji, ya rubuta rana da sa'a. Haka tarihin rediyo yake. Takardun masu aikawa suna ajiye a Ingila da Kaduna, amma shaidar masu sauraro tana kawunan dattawan Katsina, su kuwa kullum raguwa suke yi. Malaman kwalejojin horon malamai su ne suka fi kusa da su. In kowane ɗalibi ya tambayi dattijo guda wace tasha ya fara ji, a gidan wa, da wace irin Hausa, ya rubuta, to, za a tsirar da rabin labarin da ba ya cikin kowace taska.