Giorgio Moroder da Asalin Kiɗan Rawa na Na'ura

An haifi Giorgio Moroder a shekarar 1940 a garin Ortisei, cikin duwatsun arewacin Italiya. Ya tashi da harsuna uku, watau Ladin, wani ɗan ƙaramin harshe na mutanen kwarinsu, da Jamusanci da Italiyanci. Sai dai abin mamaki, waƙar da ta ja hankalinsa yana saurayi ta Ingilishi ce, "Diana" ta Paul Anka. Ita ta sa ya koya wa kansa kaɗa jita, har ya shiga yawon kiɗa a gidajen rawa na Turai, kafin ya zauna a Munich a 1968.

A can ne, cikin 1977, shi da Pete Bellotte suka shirya wa Donna Summer faifai, suna kwaikwayon kiɗan zamunan da suka shuɗe, suka ƙudura waƙar ƙarshe ta zama ta zamani mai zuwa. To, ina za a samo sautin abin da bai zo ba? Sai Moroder ya ajiye masu goge da masu busa, waɗanda disko ya dogara a kansu, ya ɗora kiɗan bisa na'urar Moog. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin sautinta yakan kauce, sai an tsaya an sake saita ta. Bugun babbar ganga kuwa gagarar ta ya yi, Keith Forsey ne ya buga.

Waƙar, "I Feel Love", ta zo ta ɗaya a Ingila. Daga wannan rijiya matasan Chicago da Detroit suka sha, sa'ad da suka ƙago nasu kiɗan a shekarun 1980.