Rye pale ale

Rye pale ale wani nau'in giya ne da ake dafawa da tsiron sha'ir haɗe da hatsin rai. Ta yi fice ne a ƙananan masana'antun giya na Amurka, waɗanda ke dafa kaɗan-kaɗan suna bambanta kansu da manyan kamfanoni. Ƙarfin barasarta yakan kai kashi 5 zuwa 6 cikin 100.

Suna

Kalmar "pale" a Turanci tana nufin launi mai haske, "ale" kuma giya ce da yis ɗinta ke tasowa saman ruwa yayin tsimuwa, a wuri mai ɗan ɗumi. Shi kuwa "rai" da ke cikin "hatsin rai" ba rai na rayuwa ba ne, lafazin sunan hatsin ne na Turanci aka ara. Sunansa na kimiyya Secale cereale, kuma an fi noma shi a Jamus da Poland da Rasha.

Tarihi

Asalin pale ale daga Ingila ne, inda aka fara busar da tsiron sha'ir da gawayin kwal maimakon itace, sai giyar ta fito da haske ba baƙa ba. Garin Burton upon Trent ya yi suna da ita saboda ruwansa mai gishirin jifsam, wanda ke fito da ɗaci sarai. Sanya hatsin rai a giya ma tsohon abu ne: akwai sahti a Finland da roggenbier a Bavaria, ko da yake dokar Bavaria ta 1516 ta taƙaita kayan giya ga ruwa da sha'ir da furen hops.

A Amurka, kamfanin Sierra Nevada na garin Chico a Kalifoniya ya fara dafa pale ale ɗinsa a 1980 da hops irin Cascade, kuma a kan wannan samfurin aka riƙa ƙara hatsin rai daga baya. A 2002 kamfanin Terrapin na garin Athens a jihar Georgia ya fitar da Rye Pale Ale, a shekarar kuma ta ci lambar zinare a gasar Great American Beer Festival.

Dafawa

Ana jiƙa hatsi ya yi tsiro, kamar yadda ake yi wa dawa a burukutu, a busar, a barza, sannan a tsoma a ruwan zafi har sitacin ya koma sukari. Yawanci hatsin rai kashi 10 zuwa 20 ne kawai cikin 100, kuma akwai dalili. Ƙwayarsa ba ta da ƙaiƙayi irin na sha'ir, gashi tana sa ruwa ya yi danƙo da yauƙi, don haka idan ya yi yawa tacewa takan tsaya cik. Masu dafawa kan zuba buntun shinkafa domin ruwan ya samu hanya.

Ɗanɗano

Masu tantancewa sukan sha ta da sanyi kaɗan, wajen digiri 7 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyos, domin sanyi mai yawa yana danne ƙamshi. Launinta daga ruwan zinare zuwa ja-ja ne, da farar kumfa, wani lokaci da ɗan dishi-dishi. Abin da hanci ke fara ji na hops ne, kamar ɓawon lemu ko ƙaron itace. Hatsin rai sai a baki yake bayyana, da ɗan yaji mai kama da na masoro, da santsi a kan harshe, sannan bushewar baki bayan an haɗiye.

Wannan yajin ba shi da sauƙin kamawa. Hops da yis su ma suna iya kawo irinsa, kuma mutane da yawa sun san hatsin rai ne ta burodin da ake zuba wa 'ya'yan karawe, sai su nemi ƙamshin karawe a giyar, alhali ba na hatsin ba ne. Abin da ya fi nuna shi a zahiri shi ne kaurin ruwan da santsinsa. Giyar da ta yi kyau ita ce wadda ɗacin hops bai rufe hatsin ba. Ɗaci mai kartar maƙogwaro, ko warin jiƙaƙƙen kwali da ke nuna iska ta shiga giyar ta tsufa, duk aibi ne.

A gasa, alƙalan shirin BJCP, wanda aka kafa a Amurka a 1985, suna raba maki 50 kamar haka: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda ake jin ta a baki 5, sai hukuncin gaba ɗaya 10. Idan hops da barasa sun fi haka ƙarfi, kamar Hop Rod Rye ta kamfanin Bear Republic mai barasa kashi 8, ana sanya ta a rukunin rye IPA.