Kantin Kingsway da Masu Shi

Manomin da ya kai gyaɗa awo a zamanin Turawa, in ya karɓi kuɗinsa ya shiga kanti ya sayi atamfa ko fitila, sau da yawa kuɗin nan hannun da suka fito suke komawa. Ga yadda abin ya faru.

A shekarar 1920 kamfanin Lever Brothers, masu yin sabulu a Ingila, suka sayi Kamfanin Neja, don suna bukatar manja da gyaɗa. A 1929 aka gama shi da wani babban kamfani, aka raɗa musu suna United Africa Company, watau U.A.C. Shi Lever kuwa ya haɗu da masu yin man shafa wa burodi na ƙasar Holan, suka zama Unilever.

U.A.C. ne ya buɗe kantin Kingsway a Ikko a 1948, daga baya ya yi rassa har Kaduna. Kanti ne wanda ba a ciniki a cikinsa, kowane kaya da kuɗinsa a rubuce, ba ragi, ba albarka. Akawu ya fi talaka shigarsa. Manajan da ake gani kuwa bara ne kurum, iyayen gidansa suna can London.

Bayan mulkin kai, dokokin 1972 da 1977 suka tilasta wa kamfanonin baƙi su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari. Da kuɗin man fetur ya faɗi bayan 1980, sayo kaya daga waje ya yi wuya, kantunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A 1994 Unilever ya sayar da sauran rabonsa na U.A.C. ta Nijeriya.